Wa ya taɓa haɗa kundin tunawa na iyali? Ina neman shawara kafin in fara manna hotuna

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Na jima ina ganin bidiyon wasu mata na ƙasar waje suna haɗa wani littafi mai kauri, su manna hotuna da katin biki da tikitin jirgi da 'yan ƙyallaye, su yi rubutu a gefe su ƙawata shi, sikirafbuk suke ce masa. Abin ya kwanta min a rai sosai. To bayan rasuwar Hajiyarmu da aka zo rabon kaya wata tsohuwar adaka ta faɗo a hannuna, wallahi cike take da hotuna baƙi da fari, da wasiƙun da Baba yake aiko mata lokacin yana aikin reluwe a Kafanchan, da katin ɗaurin aurensu, har da rasit ɗin keken ɗinkinta. Wasu hotunan sun fara mannewa da juna, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu. So nake in haɗa su wuri ɗaya yadda yarana za su buɗe su san su waye. Wace irin takarda ake amfani da ita, wane gam, kuma a ina zan samu a nan Kano? Sannan akwai wanda ya taɓa yi a cikinku, ko dai abin na masu kuɗi da lokaci ne kawai?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya ya kai haske kabarinta. Ki yi 'yar uwa, ba wani kuɗi yake ci ba. Ni na yi wa 'yan biyuna tun suna jarirai, littafin zane mai kaurin takarda na saya a Sabon Gari wajen masu kayan makaranta, na sa ɗan awarwaron robar nan da ake ɗaura wa jariri a asibiti, da katin rigakafinsu bayan an gama, da hoton ranar suna, da rubutun farko da suka yi a nazare. Yanzu sun yi wayo, duk baƙon da ya zo gidan sai sun jawo littafin sun nuna masa.

Bakatsine:
Allah ya gafarta mata. Amma ni fa ban ga dalilin wahalar nan ba a wannan zamani. Ki ɗauki hoton komai da waya ki tura Google Photos, shike nan, ba gara ba ɓera ba gobara. Takarda ai ƙarshenta lalacewa ne duk yadda aka lallaɓa ta.

Mai_Hoto_Zariya:
Hajiya Maman Hanifa sannu da haƙuri, Allah ya sa Aljanna ce makomarta. Sana'ata kenan wankin hoto da gyaran tsofaffi, don haka bari in ɗan yi tsawo. Kafin ki taɓa gam ko almakashi, ki fara sikanin kowane hoto gaba da baya, bayan ma yana da muhimmanci don wani lokaci akwai hatimin situdiyo ko kwanan wata. Ki ce a yi miki a kan 300 dpi aƙalla (dpi shi ne ma'aunin kaifin sikanin), ƙananan irin na fasfo kuma 600, don in an zo ƙara girmansu kar su farfashe. Waɗanda suka manne da juna dan Allah kar ki ja su da ƙarfi, fuskar hoton ce za ta bi bayan ɗan uwansa ta tafi, kuma kar wani ya ce ki jiƙa su a ruwa a gida. Ki ware su gefe ki kai wa wanda ya san aikin.
Maganar gam kuma, asalin hoto ba a shafa masa gam kwata-kwata. Akwai 'yan kusurwoyi da ake mannawa a jikin shafin sai a zura gefen hoton huɗu a ciki, duk ranar da kike so ki zare abinki lafiya lau. In kuma kina son yanka da ado da zagaye hoto da almakashi irin na bidiyon da kike gani, to kwafi za ki wanko ki yi da shi, na asalin ya zauna a ambulan. Abubuwa uku da na fi ganin sun kashe hotunan mutane a shagona su ne salatif, da sufa gulu, da albam ɗin nan mai danƙo da ake ɗaga leda a manna hoto a mayar, wanda aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980. Danƙon yana zama ruwan ƙasa ya bar layi-layi a bayan hoton, ya kuma riƙe shi gam.

Maman_Hanifa:
Innalillahi, Malam Mai Hoto irin albam ɗin nan akwai guda a cikin adakar, na bikin yayarmu ne. Na gode ƙwarai, da salatif na yi niyyar farawa.

Mai_Hoto_Zariya:
Wanda ya ɗago da kansa ki cire, wanda ya ƙi ki bar shi a yi sikanin shafin gaba ɗaya. Wasu suna zura siririn zaren sakace haƙori a ƙarƙashin hoton a hankali su raba shi da shafin, yana yi, amma sai mai haƙuri.

Dalibar_Tarihi:
@Bakatsine yaya ba a ƙi taka ba, a yi sikanin a ajiye a intanet, amma kar a ɗauka can ɗin dawwama ce. Tun 1 ga Yuni 2021 Google suka daina ba da wurin ajiyar hoto kyauta mara iyaka, yanzu 15GB ne kuma da shi Gmail da Drive suke ci. Sannan sun ce asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba suna iya goge shi. To mutum ya rasu ba wanda ya san lambar sirrinsa fa? Mu nan wayar mahaifinmu tana nan a kulle har yau. Littafi kuwa ko jikar da ba ta iya karatu ba za ta buɗe.
Kuma ga mai son sanin asalin yayin, yadda ake yinsa yanzu da takardu masu launi da shaguna na musamman daga jihar Utah ta Amurka ya bunƙasa. Wata mata Marielen Christensen ta nuna kundayen iyalinta wajen 50 a wani taron adana bayanai a Salt Lake City a 1980, a 1981 suka buɗe shago a garin Spanish Fork. Mutanen yankin mabiya cocin Mormon ne da yawa, su kuma suna ba bin salsalar iyali muhimmanci sosai, shi ya sa abin ya samu karɓuwa a can da wuri.

Bakatsine:
To na ji ƙanwata, batun lambar sirri gaskiya ne. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wayar ce ta farko, littafin ƙari ne.

Malam_Gafaka:
Salamu alaikum. Ni abin da nake so in tuna mana shi ne mu ma ba baƙi ba ne a ajiyar takarda. Duk gidan malamai akwai kundi. Na kakanmu yana wurina, warƙoƙi ne a sassake ba a ɗinke ba, an sa su tsakanin bango biyu an naɗe da fata an ɗaure da tsirkiya, sannan a zura a gafaka. A ciki akwai addu'o'i da fa'idoji, amma a gefen shafuka da ƙarshensu ya rubuta ranar da aka haifi kowane ɗa nasa da ranar da wane ya rasu, da shekarar da aka yi fara. Da wannan muka san shekarun mahaifina na gaskiya. In ka ɗaga takardar a rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta, irin takardar da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara, kuma har yau ba ta karye ba, tawadar ma tana nan baƙa wuluk. Jaridar da aka naɗe wani abu da ita a cikin gafakar kuwa, wadda ba ta kai rabin shekarunta ba, ta zama ja tana marmashewa.

Dalibar_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, wannan kundi dukiya ne. Dalilin bambancin shi ne tsohuwar takardar da tsumman auduga da lilin ake yinta, ta jarida kuma da niƙaƙƙen itace, akwai wani sinadari a cikinsa lignin da ke sa ta yi ja ta zama mai asid, kuma asid ɗin yana kama duk abin da ya jingina da ita. Shi ya sa Anti Maman Hanifa in za ki sayi takarda ki duba wadda aka rubuta ba ta da asid a jikin fakitin, masu sayar da kayan zane sun fi samunta. In kina da yankin jarida, misali sanarwar aure ko ta'aziyya a Gaskiya Ta Fi Kwabo, ki yi fotokwafi ki manna kwafin, asalin ki ware shi kar ya taɓa hoto. Malam kuma in da hali a kai kundin Arewa House a Kaduna su gani, suna da sashen rubuce-rubucen hannu, ko shawarar adanawa ce za su bayar.

Abu_Sumayya:
Ni tambayata ta addini ce, kar a ga kamar na kawo cikas. Ya halatta a tara hotunan mutane haka, musamman mamata? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura. Ina jin tsoron mu ɗauko al'adar wasu mu shiga abin da ba mu sani ba.

Malam_Gafaka:
Tambaya ce mai kyau ɗan uwa. Hadisin ingantacce ne, saɓanin malamai a kan hoton kyamara ne, shin yana cikin surar da aka hana ko kuwa kama inuwa ne kawai. Akwai waɗanda suka hana sai don lalura irin fasfo da katin shaida, akwai waɗanda suka halatta muddin abin da ke cikin hoton ba haram ba ne. Da yawa kuma sun bambanta wanda aka rataye a bango ana girmamawa da wanda ke rufe a littafi. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hoto ba ai yana iya yin kundinsa ba hoto ko ɗaya: wasiƙu, sunayen kakanni, takardar saukar Alƙur'ani, zayyanar allo, rasit, taswirar gidan gado.

Abu_Sumayya:
Jazakallahu khairan. Wannan na ƙarshen ya fi min, salsalar gidanmu ma kawai in na rubuta ta na yi aiki.

Hajiya_Babba:
'Yata Maman Hanifa, ni tsohuwa ce a cikinku, jikata ce take rubuta min. Duk wannan magana ta gam da takarda mai sauƙi ce. Abin da zai gagare ki nan gaba shi ne sunaye. Ki kwashi hotunan nan tun yanzu ki tafi wurin wadda ta rage a cikin ƙannen Hajiya ko aminanta, ki zauna ki nuna mata ɗaya bayan ɗaya, wace ce wannan, bikin wa, a wane gida, wa ke tsaye a baya. Ki kunna rikodin waya ki bar ta ta yi ta magana, kar ki katse ta ko ta saki hanya, a sakin hanyar ne za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. Ni ina da hoton mu bakwai ranar kamun wata ƙawarmu, yau saura ni kaɗai, in na tafi ba mai iya faɗin ko mutum biyu a ciki. Kada ki ce sai kin gama sayen kayan ado.

Maman_Hanifa:
Wallahi Hajiya kin sa ni hawaye. Akwai Gwaggo a Fagge, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, in sha Allahu ranar Asabar zan je mata da su. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mai_Hoto_Zariya:
In za ki rubuta sunayen a bayan hoto ki yi da fensir mai laushi irin 2B ko sama, a gefe, ki ɗora hoton a kan tebur mai tauri kar ki danna. Biro yana huda ya fito ta gaba, tawadar alƙalamin maka kuma tana ratsawa. Hotunan kala na baya-bayan nan masu santsin baya fensir ba ya kama su sosai, su sai ki ba su lamba a ambulan ki rubuta bayanin a littafi daban.

Tela_Kwari:
Ni ɓangaren ƙyalle zan yi magana tunda aikina ne. Kar ki raina ankon biki. Yayata tana da wani littafi da ba hoto ko ɗaya, duk bikin da aka yi a dangi tana yankar ɗan ƙyallen ankon kamar faɗin tafin hannu ta ɗinke a shafi ta rubuta bikin wance da wane, shekara kaza. In mata suka taru a kansa sai ka ji ana ke kin tuna wannan Kodebuwar, wannan ai Holan ce ta bikin wance da aka yi ruwa ranar kai amarya. Akwai atamfofin masaƙun Kakuri na Kaduna a ciki waɗanda yanzu ko da kuɗinka ba za ka samu ba tunda yawancin masaƙun sun daina aiki. Shawarata ki wanke ƙyallen ya bushe sarai, ki ɗinke shi da zare da allura ta kusurwa maimakon gam, gam yana ratsa yadi ya bar tabo. Mai rinin baba kuma irin na Ƙofar Mata ko turkuɗin Kura yana zuba, kar ya fuskanci hoto, ki sa farar takarda a tsakani. In akwai tsohon zanen Hajiya da ya mutu ki yi bangon littafin da shi.

Uwar_Biyu:
Kai wannan dabara ta bango ta yi min! Ni fatar dukawa na so in sa a nawa, a Kasuwar Kurmi akwai masu yin bangon littafi da jar fata, in ka kai musu awon sai su yi maka daidai.

Yar_Damagaram:
Sannunku 'yan uwa, daga Zinder nake. Mu nan tun muna lakwal, wato makaranta, 'yan mata suna da kaye, wato littafin rubutu, na tunawa, ƙarshen shekara kowace ƙawa ta rubuta miki shafi guda, sunanta da garinsu da abin da take so da addu'a, wasu su liƙa hoto ko fure. Nawa na shekarar da muka yi jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare yana nan, kuma da shi na gano wata ƙawata da ta yi aure a Maraɗi don ta rubuta sunan unguwar kakanninta. Amma furen da aka liƙa ya bar tabo ruwan ƙasa har shafi uku, don haka wadda za ta sa fure ko ganyen lalle ta busar da shi sosai ta sa a 'yar ambulan tukuna.

Nas_Maryama:
Ina so in ja kunne a kan abu biyu. Na ɗaya hoton sikanin ciki da ake ba masu juna biyu, da yawa suna son ajiye shi, to takardarsa irin mai aiki da zafi ce kamar rasit ɗin POS, da kanta take dushewa, in kuma aka kai laminatin zafin injin zai mayar da ita baƙa ƙirin nan take. A ɗauki hotonsa ko a yi fotokwafi tun yana sabo. Na biyu kafur da muke zubawa a akwati saboda kyankyaso da asu. Dan Allah a nisanta shi da kayan jarirai, yana iya jawo wa wasu jariran ciwon shawara mai tsanani, kuma yara suna ɗauka alewa ce. In littafin nan yara za su riƙa buɗawa to kar a zuba masa kafur.

Mai_Hoto_Zariya:
Gaskiya ne Anti Nas, an sha kawo min sikanin da ya ƙone haka ana neman gyara, ba abin da za a iya yi. Laminatin gaba ɗaya ma ban ba da shawararsa ga asalin takarda ko hoto ba, in an yi an yi kenan ba a warwarewa. A sa a aljihun leda mai kyau wadda ba ta da warin roba, mai warin nan ita ce ke manne wa rubutu ta kwashe shi. Maganin danshi kuma 'yan ƙunshin nan da ke zuwa a kwalin takalmi ko jaka, a tara su a jefa a akwatin, a ɗora akwatin a sama kar ya jingina da bango ko ya zauna a ƙasa, kuma ba a ɗakin da kwano ke gasawa ba.

Yar_Yerwa:
Ni dai zan goyi bayan Bakatsine kaɗan. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, cikin dare ruwa ya shigo mana a Gwange, da kayan jikinmu muka fita. Da muka koma albam ɗin aurena da na iyayena sun zama dunƙulen laka, takardun makaranta haka. Abin da ya tsira kawai hotunan da na taɓa turawa ƙanwata a Abuja ta WhatsApp, su ma sun rage kyau don manhajar tana matse hoto. Ba ina cewa kar a yi littafin ba, a yi, yana da daɗi a riƙe a hannu, amma dan girman Allah kwafi ya kasance a wani gari daban wurin wani ɗan uwa. Kuma in za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin dokumen don ya je da ƙarfinsa.

Bakatsine:
Allah ya mayar da alheri 'yar uwa, ya kiyaye gaba. Abin da nake nufi kenan tun farko.

Hajiya_Babba:
Allah ya mayar muku da mafificinsa 'yata.

Baban_Nana:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Maman Hanifa kin ce wasiƙun da Baba ya rubuta wa Hajiya. Anya ya dace a baje su a littafin da kowane baƙo zai buɗe? Magana ce tsakanin miji da mata, ita ta ɓoye su a adaka shekara da shekaru, ba ta nuna muku ba tana raye. Ni a ganina sirrin mamaci amana ne. Haka hotunan mata na cikin gida ba mayafi, a san wanda zai gani.

Uwar_Biyu:
Baban Nana ai da ba ta so a gani da ta ƙona su. Ajiyewar da ta yi ai don tana ƙaunarsu ne, kuma 'ya'yanta ne ba bare ba.

Baban_Nana:
Ajiyewa don kanta daban, nunawa duniya daban Hajiya. Ni dai da ni ne ambulan ɗin kawai zan sa, mai kan sarki da hatimin gidan waya, ya isa ya nuna tarihi.

Maman_Hanifa:
Maganarka abin dubawa ce Baban Nana. Gaskiya ma yawancinsu da ajami ne, ban iya karantawa sosai ba, na ɗan gane gaisuwa da batun kuɗin cefane da ya aiko ta hannun wani direban jirgin ƙasa. Zan sa yayanmu babba ya karanta tukuna, in akwai na sirri mu bar su a rufe. Dama ina tunanin sauran 'yan uwa, har da 'yan ɗakin Umma, don akwai hotunan Baba da su ma ba su da shi.

Dalibar_Tarihi:
Anti in an karanta ajamin ki rubuta shi da boko a shafin da ke kallonsa, yaranmu da yawa ba za su iya ba nan gaba. Kuma ki wanko wa 'yan ɗakin Umma nasu kwafin, zumunci ne babba.

Dan_Maiwurno:
Gaisuwa daga Sudan, ko da yake yaƙi ya sa yanzu ba na gida. Mu Hausawan nan kakanninmu da ƙafa suka taso za su Makka, ta Borno da Chadi, wasu suka yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba, wasu suka zauna a bakin Shuɗin Nilu ba su koma ba. Garinmu ma sunan Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya iso nan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da ya haɗa mu da danginmu na Najeriya wata takarda ce guda ta ajami da kakana ya ajiye, mai sunan garinsu da sunayen 'yan uwansa biyar. Da muka fito gudun hijira mahaifiyata a cikin rigarta ta sako ta. Don haka ɗan uwa Abu Sumayya ka rubuta salsalar nan, ka sa sunan gari da unguwa, ba sunan mutane kawai ba.

Abu_Sumayya:
Allah ya kawo muku zaman lafiya ya mayar da ku gida. In sha Allahu zan fara da mahaifina a daren nan.

Dan_Zango_Kumasi:
Ni nawa na kuɗi ne da tikiti. Ina da anini mai huda da kwabo na kakana, da fam ɗaya ta Najeriya kafin a koma naira a 1973, da naira ashirin mai hoton Murtala ta farko, da tsofaffin sidi na nan Gana kafin a canza a 2007. Tsabar kuɗi kar a manna su, nauyinsu yana yaga shafi kuma suna barin tsatsa, ƙaramin aljihu ake yi musu. Na Hajjin mahaifiyata ma na haɗa, awarwaron alhazai da katin allura da tikiti da guntun yadin da aka yi musu iri ɗaya.

Amarya_Sabuwa:
Dan Allah gashin askin suna fa? Na ga a bidiyo suna sa gashin jariri na farko a ciki.

Hajiya_Babba:
A'a 'yata, mu ba mu saba da wannan ba. Gashin suna ana auna shi a yi sadaka da kimar nauyinsa na azurfa, sannan a binne, cibiya ma in ta faɗi binnewa ake yi. Ba a barin gashin yaro yana yawo a littafin da kowa ke taɓawa. Ki shafa masa lalle ko tawada a tafin ƙafa ki buga a takarda, ya fi kyau ma.

Nas_Maryama:
Hajiya a gafarce ni, lalle kar a sa wa jariri sabon haihuwa, yaran da kafur ke yi wa illa shi ma yana iya yi musu. A zagaye ƙafar da fensir a kan takarda kawai.

Hajiya_Babba:
To madalla, ku ne masana, a bi ta fensir ɗin.

Maman_Hanifa:
Na gode muku duka wallahi, na kwafe komai. Saura abu ɗaya, Malam Mai Hoto 'yan kusurwoyin nan na tambaya a shaguna biyu a unguwarmu ba su ma gane abin da nake nufi ba. Kuma gam ɗin da zan manna kwafi da kati wanne zan saya, wata maƙwabciyata ta ce in dama sitaci ko in jiƙa ƙaro.

Mai_Hoto_Zariya:
Sitacin gida da ƙaro suna kiran kyankyaso da gara, kuma ruwansu yana sa takarda ta kumbura, ki bar su. Ki sayi gam ɗin sanda irin wanda ake murzawa kamar jan baki, ki duba wanda aka rubuta ya dace da hoto, ki shafa kaɗan a kusurwa huɗu. Su kuma kusurwoyin ki yi da kanki, ki samu farar ambulan mai kyau ki yanke kusurwoyinta da almakashi, kowace za ta fito kamar ɗan aljihu mai kusurwa uku, ambulan ɗaya tana ba da huɗu, daidai hoto guda. Ki zura su a hoton tukuna, ki shafa gam a bayansu kawai, sannan ki ɗora a shafin. Ko kuma ki tsaga shafin da reza a karkace wuri huɗu ki soke gefen hoton, haka tsofaffin albam suke.

Bakatsine:
In kin je wurin Gwaggo ki tabbatar wayar da caji da wuri a memori, hirar tsofaffi tana da tsawo.

Baban_Nana:
Ni kuma kaset nake da shi na wa'azin kakanmu da muryar mahaifiyata tana yi wa ƙanwata waƙar reno, rediyon da zai kunna shi ma babu yanzu. Akwai wanda ya san inda ake juye kaset zuwa waya a Kaduna ko Zariya?

Mai_Hoto_Zariya:
Akwai masu yi, ka yi min magana ta akwatin sirri. Kafin nan kar ka gwada shi a tsohuwar rediyon da ta daɗe a ajiye, tana iya cinye zaren.